Tun da zafi ya shigo miyata ta daina daɗi

Tanti, ina wuni, ya iyali? Shekarata biyu da aure a nan Maraɗi, muna zaune a unguwar Zariya gida ɗaya da uwar mijina. A Yamai na tashi, kuma a gidanmu miyar ja muka sani, sai taliya da shinkafa. Maigida yana ba ni jaka ɗaya da rabi kullum na cefane, mu shida ne a gidan. Lokacin sanyi kowa yana yaba girkina, ga salati, ga shu, ga karoti. Amma tun da watan Afrilu ya kama tumatir ya yi tsada, ɗan kashin da zan saya bai kai ya yi miya ba, sai in cika da na gwangwani da magi. Jiya maigida ya ture kwano ya ce kullum abu ɗaya, a gaban Inna. Ita kuma ta ce ƴan matan yanzu idan babu tumatir babu girki. Na shiga ɗaki na yi ta kuka. Ga yarona mai wata goma sha huɗu, a gidan likita sun ce jininsa ya yi ƙasa, in riƙa ba shi ganye da kayan marmari. Ni kuwa gaskiya miyar ganye kunyar kai wa maigida nake yi, gani nake kamar abincin rashi ne. Ki ba ni shawara.

Ɗiyata, lafiya lau, Allah ya ba yaro lafiya. Kukan da kika yi ban ga laifinki ba. Mace ta wuni a gaban murhu cikin zafin watan Mayu na Maraɗi, sannan a ture mata kwano a gaban surukarta, dole ranta ya ɓaci. Maigidanki bai kyauta ba, kuma zan dawo kansa. Amma bari in fara da tukunyar, don a nan ne gyara ya fi sauƙi.

Hannunki bai lalace ba. Hannun da ya yi girkin da aka yaba a watan Janairu shi ne dai a jikinki yau. Abin da ya faru shi ne kin ɗora gidanki kacokan a kan abu ɗaya, shi kuwa abin nan ɗan lokaci ne. Tumatir sanyi yake so. Masu lambu a Jiratawa da Sumarana da Tibiri da bakin tafkin Madarunfa suna renon iri ne bayan ruwa ya ɗauke, su dasa idan iska ta fara sanyi, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris za ki ga kwanduna jibge a kasuwar Kadro har wani yana ruɓewa. Da zarar zafi ya wuce digiri 35, furen tumatir kakkaɓewa yake yi bai ɗaura ƴaƴa ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu 40 ma wuce ta muke yi. Idan damina ta sauka kuma, laima ta kawo masa cutar ganye da ruɓa. To wanda kike gani a kasuwa yanzu, ko dai ɗan abin da ya tsira ne, ko kuma daga nesa aka ɗauko shi, har da wanda ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, kuɗin mota da na hanya duk a kanki za su ƙare. Haka abin yake bara, haka zai kasance baɗi. Jaka ɗaya da rabi ba za ta yi kokawa da wannan ba, ko wace ce ke riƙe da ita.

Maganar da Inna ta yaɓa miki ta yi zafi, amma akwai gaskiya a cikinta. Ita ta tashi a gidan da miya ke bin shekara. Abin da gona da lambu da daji suka bayar a wannan watan, shi ake dafawa, abin da ya yi yawa a shanya don watan da babu. Ba a taɓa ɗaukar haka a matsayin rashi ba. Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wannan kunya da kike ji ta miyar ganye. Ki fitar da ita daga ranki, ɗiyata. Garin nan na Maraɗi da tamaka, wato zogale, aka san shi, daga lambunan Gulbi ake loda buhunan ganyen ana kai wa har Yamai, inda kika tashi, mutane suna saye da tsada. Alhazan da ke da halin cin nama kullum su ne za ki ga sun aika a sayo musu kwaɗo da la'asar. Abin da likita ya ce ki ba yaronki, shi ne abin da ya fi komai araha a ƙofar gidanki.

Mu fara da yau, tunda cikin bazara muke. Albasa yanzu take da araha, don an gama cire ta Galmi da ta lambunan kusa a Maris da Afrilu. Ita ce za ta riƙe miki miya. Ki yanka manya uku ko huɗu, ki sa su a mai a kan wuta marar ƙarfi, kada ki yi hanzari, ki bar su su yi laushi su fara ja har zaƙinsu ya fito. Tun da safe kin riga kin jiƙa kauɗar tumatir, wato busasshensa, cikin tafin hannu ɗaya da busasshen tattasai irin na Difa guda huɗu ko biyar a ruwan ɗumi, kin wanke ƙasar da ke jikinsu. Ki daka su ko ki kai a niƙa, ki zuba a kan albasar, ki sa daddawa da tafarnuwa da ɗan citta. Idan kina son miyar ta yi kauri, ki dafa yankin kabewa ki murƙushe a ciki. Idan tsamin ɗanyen tumatir kike kewa, ɗan ruwan tsamiya cokali biyu zai kawo shi. Wannan miyar ja ce sosai, launinta ya fi na gwangwani kyau, kuma ba ta neman magi uku kafin ta yi ɗanɗano. Sau biyu ko uku a mako ta isa. Sauran ranakun ki ba kuka da busasshiyar kuɓewa hakkinsu, da gabu da daddawar batso da ɗan busasshen kifi, a kan tuwon hatsi ko na masara.

Kuma bazara ita ce lokacin mangwaro. Kada ki bari ya wuce yaronki bai ƙoshi da shi ba. Nunannen mangwaro yana cike da sinadarin bitamin A, wanda ke kare ido da ƙarfafa jikin yaro a kan cuta. Ki wanke, ki fere, ki murƙushe masa da cokali, rabin ƙwaya kullum ya wadatar. Ki zaɓi wanda ƙamshinsa ke tashi daga wajen hancin. Wanda bayansa ya yi rawaya fes amma babu ƙamshi, ciki kuma tsami, yawanci tun bai ƙosa ba aka tsinke shi aka nunar da shi da ƙarfi, ki bar shi.

Nan da ƴan makonni, in Allah ya kawo ruwa lafiya, za ki shiga watannin da mai cefane da ƙaramin kuɗi ta fi kowa sakewa, idan ta san abin da take nema. Tafasa za ta fito a kowane fili, ga rama, ga yakuwa, ga lalo, ga alayyafo, ga gasaya, ga ganyen wake, daga baya ɗanyar kuɓewa da yalo su biyo. Matan ƙauye za su riƙa shigowa da su a ka tun da sassafe, ranar Litinin da Juma'a kuwa babbar kasuwa har ba a rasa mai yi miki gyara. Da dala ashirin ko talatin za ki ɗauki ganyen da zai ciyar da mutum shida.

Bari in tsaya a kan kwaɗon tamaka, don shi nake so ki fara gwadawa. Ki zage ganyen daga itacensa, ki tsince ƙananan tsinkayen, ki wanke sau biyu ko uku. Ruwa ya tafasa kafin ki zuba, kuma kada ki cika ruwan. Idan ganyen ya yi laushin da za ki murje shi tsakanin yatsu biyu, ya yi, ki sauke ki tsane ki matse. Ki daka ƙuli-ƙuli ya yi gari, ki sa yaji da gishiri kaɗan, ki yanka ɗanyar albasa sirara, ki yaryaɗa man gyaɗa, ki cuɗa da hannu har ko'ina ya samu. A matsa lemun tsami a kai lokacin ci. Wannan man da lemun ba don daɗi kawai ba ne. Bitamin A da ke cikin ganye sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa, shi kuma tsamin lemu yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe, wanda shi ne ake gina jini da shi. Irin wannan kwaɗon ake yi da tafasa da rama, sai dai ita rama a zubar da ruwan farko don tsaminta ya ragu. Ranar da kika sami tsakin masara ko na shinkafa, ki turara dambu da ganyen a ciki. Yakuwa kuma ki haɗa ta da dakakkiyar gyaɗa da kabewa ki yi taushe, babu mai tambayarki ina tumatir.

Abu ɗaya zan roƙe ki, ko da Inna za ta ce ba haka aka saba ba: ki rage kanwa. Ana sa ta don ganye ya yi saurin nuna ya riƙe korensa, ko don kuɓewa ta yi yauƙi, amma tana kashe wani ɓangare na bitamin ɗin da kike nema. Ɗan ƙanƙane ya isa, a ganye mai laushi irin alayyafo kuwa ba a bukatarta sam. Haka nan ganye ba a barinsa a wuta awa guda. A ƙarshe ake zuba shi, a rufe, minti goma a sauke.

Da kaka ba sai na koya miki komai ba, kasuwa da kanta za ta nuna miki: kabewa, sabon wake, gujiya, ɗanyar gyaɗa, dankali, kankana, gwaiba, ɗinya, da soɓorodo. Ki sayi kabewa biyu ko uku masu tauri waɗanda ba su da rauni, ki ajiye a inuwa inda iska ke shiga, suna yin watanni. Aya kuwa arzikin jiharmu ce, daga wajen Cadawa da Agye da Gazawa ake fitar da ita har ƙasashen waje, kunun aya da dabino ya fi duk wani lemun kwalba da za ki saya wa baƙi.

Sanyi shi ne lokacin da kika iya, don haka ba girki zan faɗa miki ba, aikin da kika bari ya wuce ki zan faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Miyar watan Yuni a watan Fabrairu ake shirya ta. Lokacin da tumatir ya faɗi warwas, ki je Kadro da yamma sa'ad da masu kaya ke son su tashi, ki sayi kwando. Ki ware masu tauri da suka nuna sosai, ki wanke, ki tsaga kowanne biyu ko huɗu, ki jera a kan tabarma mai tsabta, cikin yana kallon sama. Kada a shimfiɗa a ƙasa inda awaki da kaji da ƙura ke bi, a ɗora a kan rumfa ko gado. Ki rufe da mayafi marar kauri saboda ƙuda, amma ban da gidan sauro, don akwai maganin ƙwari a jikinsa. Da magariba ki shigar ɗaki, da safe ki fitar. Iskar wannan lokacin a bushe take, cikin mako guda za ki ga ya ƙame, idan kin matsa babu sauran damshi. Kada ki tsorata da yadda zai ƙanƙance. Tumatir kusan duk ruwa ne, kilo 10 na ɗanye ba ya ba da kilo 1 cikakke na kauɗa, amma ɗanɗanon kilo goman nan duk yana ciki. Ki zuba a gwangwani ko bokiti mai murfi. Idan damina ta yi nisa ki riƙa buɗewa kina dubawa, ranar da rana ta fito ki sake shanyawa. Duk wanda ya yi furfura ko baƙin ƙura-ƙura, ki zubar, kada ki ce za ki wanke. Haka ma gyaɗar da ta yi funfuna, gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Tattasai da attarugu da kuɓewa duk haka ake yi musu. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, don rana tana cinye korensa da amfaninsa. Busasshiyar tamakar da ta yi kyau kore shar take zama, wadda ta koma ruwan ƙasa an ƙona ta. Ki daka wani ki tankaɗe, ki riƙa sa ƙaramin cokali ɗaya a kunun yaro bayan kin sauke. Albasa ma tun yanzu da take da araha ki sayi abin da za ki iya, ki baza ta a inuwa a kan abin da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, kada ki bar ta a buhu. Zuwa ƙarshen damina za ki ga yadda kuɗinta zai ninka.

Idan ba ku da firigo, ko kuna da shi wuta ba ta zama, akwai dabarar da wani malami ɗan jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa rairayin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin tukunyar waje, yana janye zafin ciki. Tumatir da tattasai da yalo da ke yamushewa a kwana biyu ko uku sai su haura mako. A rani da bazara ta fi aiki, da damina kuwa da iska ke da laima ƙarfinta yana raguwa.

Game da ɗanyen abu irin salati da shu da kokwamba, ki kula da wanki. Ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba, kuma ba mu manta da kwalarar da ta taso daga wajen Madarunfa a daminar 2018 ba. A ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwan famfo sau uku. Yaro mai wata goma sha huɗu kuwa dafaffe za ki ba shi, sai ƴaƴan itacen da kika fere da hannunki.

Yanzu maganar jininsa. Ganye zai taimaka, amma kada ki dogara da shi kaɗai. Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi ya fi na ganye saurin shiga jiki, don haka ko hantar dala hamsin ce ki dafa ki murƙushe masa sau ɗaya ko biyu a mako, da ƙwai, da wake da aka cire wa ƙwalfa. Ki ci gaba da ba shi nono har ya kai shekara biyu. Kada a ba shi shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfe. Sannan a ƙasar nan babban mai shanye jinin yara zazzaɓin cizon sauro ne, tare da tsutsar ciki. Ya kwana cikin gidan sauro kullum, kuma idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 sau ɗaya kowane wata, kada ki bari zagaye ɗaya ya wuce shi. Idan an rubuta masa maganin ƙarin jini ki ba shi har ya ƙare, ki koma ranar da aka ce. Idan kika ga tafin hannunsa ko cikin idonsa ya yi fari fat, ko yana haki, ko ƙafafunsa sun kumbura, a ranar za ki kai shi, ba sai gobe ba. Ke ma da kike shayarwa ki ci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babban mutum ya sami giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace a yini, kuma ba ta ce sai tufa ko inabi ba. Goriba da magarya da kanya da garin ƴaƴan kuka a cikin fura duk suna cikin lissafi.

Inna kuwa, ki je mata ta inda ba ta zata ba. Gobe da safe bayan kin gaishe ta, ki ce, “Inna, ni fa ban iya miyar yakuwa irin taku ta Maraɗi ba, ki koya mini.” Ba ƙasƙanci ba ne. Tsohuwar da aka tambaya abin da ta sani, da wuya ta ci gaba da gori, don girkin ya zama nata ita ma, idan an kushe an kushe ta. Kuma ta san abubuwan da ni ba zan iya rubuta miki ba: wace mai ganye ce ba ta cika wa kaya ruwa, yadda ɗanta ke son kaurin miyarsa tun yana yaro. Ranar kasuwa ki roƙe ta ta raka ki. Ki nemi iri ko reshen tamaka ku dasa biyu a bayan ɗaki da ruwan farko, idan ta kai ƙugu a datse kanta don ta yi rassa, kafin kaka kun fara tsinka.

Shi kuma maigida, kada ki tayar da maganar yana jin yunwa ko a gaban kowa. Ki bari sai dare, ya ci ya huta. Ki gaya masa a hankali cewa abin da ya yi a gaban Inna ya yi miki ciwo, idan da abin da bai yi masa ba ya faɗa miki tsakaninku. Wannan hakkinki ne, kuma faɗarsa ba rashin ladabi ba ne. Sannan ki nuna masa lissafi, don maza da yawa rabonsu da sayen kayan miya tun suna samari. Ki ce ga abin da dala ɗari ke saye a watan Fabrairu, ga abin da take saye yau. Ba lalle ki nemi ƙarin kuɗin kullum ba idan babu hali. Abin da za ki nema shi ne sau biyu a shekara ya ba ki kuɗi a dunƙule: yanzu na albasa kafin ta tashi, sai kuma a ƙarshen sanyi na kwandon tumatir biyu da tattasai da za ki shanya. Idan kina cikin adashe, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo a Fabrairu. Ki kuma tambaye shi miya uku da ya fi so a hannun Inna lokacin yana yaro, ki fara da wadda ganyenta ke kasuwa a wannan makon.